Dunƙulen Shinkafa Mai Kusurwa Uku

A gidan da na tashi a Kano, shinkafa hanya biyu gare ta. Ko dai a dafa ta ta yi wara-wara, kowace ƙwara ta tsaya da ƙafarta, ko kuma a bar ta ta nuna luguf a tuƙe ta da muciya ta zama tuwo. Duk abin da ya faɗo tsakanin waɗannan biyun sunansa caɓaɓɓiya, wadda ta dafa kuwa sai ta sha tsiya har bayan an kai ta ɗakin miji. Da wannan tarbiyyar aure ya kawo ni Landan, muka zauna a wani ɗan gida na sama a Deptford, na haifi 'ya ɗaya tilo. Ban taɓa zaton akwai ranar da zan tsaya a kan tukunya ina roƙon Allah Ya sa shinkafata ta caɓe ba.

Sunan mahaifiyata aka sa wa yarinyar, shi ya sa ba na kiran sunanta, sai dai in ce Mamana. Ita kuma ta ce mini Mami. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take ba da amsa kamar sauran yaran da aka haifa a nan, don haka abin da ta faɗa a labarin nan ni ce na mayar da shi Hausa. Yanzu ta girma, ta kere ni tsawo, idan ta dawo daga makaranta sai na ɓoye naman miya. Amma lokacin da take da shekara tara, yarinyar nan ta daina cin abinci.

Ƙayar kifi ce sila. Wata Lahadi da rana na yi tuwo da miyar kuka, na zuba busasshen kifin da aka aiko mini da shi daga gida. Na gyara shi iyakar iyawata, amma ƙaya ɗaya ta tsere mini. Muna cikin ci sai na ga ta saki loma ta riƙe wuya, idanunta sun firfito, tana kakari babu magana. Abbanta ya sure ta muka yi asibiti. Cikin ikon Allah aka zaro ƙayar da wani ɗan ƙarfe, wata 'yar siririya da ba ta kai tsawon farce ba. Likitan har yana mata wasa, ya ce gobe ma ta ci abin da take so. Muka dawo gida muna hamdala, mun ɗauka magana ta ƙare.

Washegari ta ce wuyanta na ciwo, na dama mata kunu. Jibi ma haka. Aka yi mako, aka shiga na biyu, ciwon wuya ya warke amma baki ya ƙi buɗuwa. Madara za ta sha, ruwa za ta sha, wani lokaci yogot idan ta juya shi da cokali ta juya har ya tsinke. Duk abin da ake taunawa kuwa ta yi sallama da shi. Idan na ajiye faranti a gabanta sai ta zuba masa ido, hannuwanta a ƙarƙashin tebur, har ya huce. Na yi lallashi, na yi alkawari, na yi faɗa. Na soya kaza, na yi alkubus, na yi dambu, har fizar Turawa na yi oda, abincin da da bakina na sha cewa ba zai shigo mini gida ba. Ko a jikinta.

Nan da nan ta zube. Siket ɗin makaranta ya fara juyawa a ƙugunta sai da na kama shi da fil. Idanunta suka yi zuru-zuru. Matattakalar gidanmu da take hawa da gudu ta koma sai ta tsaya a tsakiya ta huta. Ni da nake ganin kaina gwanar girki, wadda mata ke bugo wa waya daga Croydon su tambayi yadda ake haɗa miyar taushe da kabewar Turawa, ga 'yata tana ramewa a tsakiyar tukwanena. Abin ya ci mini rai ƙwarai, kuma ba na jin kunyar cewa har da haushinta na riƙa ji.

Na kira mahaifiyata a Kano na gaya mata. Hajiya ba ta ga abin tashin hankali ba.

"Ke ma kin yi haka kina ƙarama," ta ce. "Ku kama ta ku ɗura mata kunu. Kwana biyu za ta dawo hanya."

"Hajiya, nan fa Landan ne. In na yi mata ɗura ta tsala ihu, kafin la'asar maƙwabta sun kira hukuma."

"To Allah Ya kyauta. Ƙasar da uwa ba ta isa da 'yarta ba."

Ta sa aka yi addu'a, ni ma ina tofa mata a ruwa tana sha, tunda ruwa dai ba ta ƙi shi ba.

Daga baya aka tura mu wurin wata likitar yara, mace mai sanyin magana. Ta ɗora Mamana a sikeli, ta duba, ta sa aka fita da ita wurin wasan yara, sannan ta juyo gare mu. Ta ce maƙogwaronta lafiya lau, tsoro ne ya kama ta, kuma tilastawa ƙara shi za ta yi. Ta ba mu wata madara mai kauri a kwalba, ta ce a jarraba. Sai ta faɗi abin da ya tsinka mini zuciya. Ta ce idan muka dawo ganin likita na gaba nauyin ya sake yin ƙasa, za su kwantar da ita su zura mata roba ta hanci har ciki, a riƙa ba ta abinci ta nan. Yarinyar da ƙaya 'yar mitsitsiya ta firgita haka, a ce za a tura mata roba ta maƙogwaro. A bas ɗin dawowa ina riƙe da hannunta ina jin ƙasusuwan yatsunta.

Madarar kwalbar nan rabi take sha ta ture. Abbanta, wanda aikin haɗa magani yake yi a wani asibiti can Croydon, kullum ya fita da sassafe ya dawo a gajiye, ya ce shi ya gano matsalar. Akwai wata 'yar na'urar gem ta hannu da ya saya mata da Sallah, ita take rungume da ita tun da ta daina cin abinci.

"Wannan abin ne ya ɗauke mata hankali," ya ce. "A ƙwace. In ta ci abinci a ba ta."

Aka ƙwace. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙa ba. Ta je ta kwanta ta juya wa ɗaki baya, ranar ko madarar ba ta taɓa ba. Da yamma na ɗauko na'urar daga saman kabad na ce masa, "Yallaɓai, maganin naka bai karɓe ta ba." Bai yi musu ba, shi da kansa ya kai mata.

Wata Asabar da rana ana yayyafin nan na Landan da ba ya tsayawa, na gaji da zirga-zirgar kicin, na zo na zauna kusa da ita a kan kujera. Ban zo da faranti ba, ban zo da magana ba. Na dai leƙa abin da take yi. Ni a da duk gem ɗaya na ɗauke shi, hayaniya da ɓata lokaci. Sai na ga wani ɗan mutum da malafa yana tafiya a kan duwatsu, yana tsallake rafi, yana faɗa da wasu halittu masu kama da kwaɗi. A saman allon akwai wani jan layi. Duk lokacin da aka buge shi sai layin ya ragu. Da ya kusa ƙarewa sai ta danna wani wuri, jakar ɗan mutumin ta buɗe, ya ɗauko wani farin abu mai kusurwa uku kamar samosa, da ɗan baƙin ƙyalle a gindinsa. Ya cinye a loma biyu, layin ya cika, ya yi tsalle ya ci gaba da tafiya.

"Mamana, mene ne wancan da ya ci?"

"Shinkafa ce. Abincin Japan. Sunansa onigiri."

Sai da ta maimaita mini kafin bakina ya iya kama shi. Can gaba ɗan mutumin ya isa wata rumfa a bakin hanya. Mai rumfar shi ma dunƙulen shinkafar ne, amma babba, da idanu da ɗan baki da ƙananan ƙafafu, yana rawa yana sayar da ƙananan da ba su da fuska.

"Ikon Allah," na ce. "Wannan kuma 'yan'uwansa yake sayarwa?"

Ta yi dariya. Rabon da in ji dariyarta har na manta. Ta ce ai shi abokin kowa ne, in ka ɓace a daji shi ke nuna maka hanya. Ta ci gaba da danne-dannenta, can kamar ba da ni take ba ta ce, "Ko yaya ɗanɗanonsa yake."

Na dake ban nuna komai ba. Tun ranar ƙaya wannan ne karo na farko da ta ambaci abinci ba tare da ta ɓata fuska ba. Na bari ta ɗan yi nisa a wasan, na zame na shige kicin.

A raina na ce wannan ai tuwon shinkafa ne, Japanawa sun dai sauya masa fasali. Na dafa shinkafar tuwo ta yi laushi, na tuƙe ta sumul, na zuba a leda na matsa ta ta yi kusurwa uku. Ta yi kyau kuwa. Na ɗora a faranti na tsaya ina kallo, sai na ga abin tsirara. A wurinmu tuwo babu miya gaya ake ce masa, kuma ba a ba mutum gaya sai in babu ta kai babu. Ni in baro Kano, in zo har Landan, in miƙa wa 'yata tilo gaya? Na ɗumama miyar agushi na zuba a gefe. Na sake kallo, na ɗebo cokali ɗaya na yarfa a samansa don ya yi armashi. Na kai mata ina murmushi. Ta kalli farantin, ta kalle ni, ta ja jikinta ƙarshen kujera.

"Ba haka yake ba," ta ce.

Washegari na sake leƙa allon da kyau, na ga ashe ana ganin ƙwarorin shinkafar. To, ba tuwo ba ne kenan. Na ɗauko basmati na dafa yadda na iya, na wanke, na tafasa, na tsane a kwando, na turara, ta fito wara-wara abin sha'awa. Na zo dunƙulawa ta ƙi. Ina matsawa tana zubewa ta tsakanin yatsuna. Na sa mai, na sa leda, na sa a firji, duk a banza. Abbanta ya shigo ya tarar da ni da shinkafa har a goshi, ya buɗe baki zai yi magana, ya ga fuskata, ya koma falo.

Ƙasanmu akwai wata maƙwabciya, 'yar zangon Kumasi ta ƙasar Ghana, babbar mace mai faɗin rai, tana aikin girki a wata makarantar firamare. Yaya nake ce mata, ita kuma tun ranar da na tare take ce mini Amariya, har na haihu ba ta sauya ba. Ta san halin da muke ciki. Na sauka na nuna mata hoton abin a waya. Ta riƙe ƙugu ta kece da dariya.

"Amariya, wannan ai omo tuo ne! Mu a Kumasi kowane Lahadi muna ci. Japan sun gani wurinmu ne. Bari ni zan yi, yarinya zai ci."

Da yamma sai ga ta da kwano. Dunƙulallen tuwon shinkafa irin nasu, ta yi ƙoƙari ta fitar masa da kusurwa, yana iyo a cikin miyar gyaɗa da naman akuya, ƙamshi ya cika gidan. Mamana ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi godiya kamar yadda aka koya mata. Yaya ta zauna tana jira, tana cewa, "Ci mana, ɗiyana, ci kaɗan." Yarinyar nan ta sunkuyar da kai, hannu a bayanta. Haka Yaya ta gaji ta tafi tana ba ni haƙuri, ni ina ba ta haƙuri.

Ƙofa na rufuwa na fashe. Ranar komawa asibiti tana ta matsowa, ga kunyar baiwar Allah da ta ɓata yininta. Na ɗaga murya yadda ban taɓa yi mata ba.

"Wai me kike so ne? Kin ce shinkafa, an yi. Kin ce mai kusurwa, an yi. So kike su zura miki roba a hanci? So kike ki kashe ni?"

Ta fashe da kuka. Cikin kukan ta ce, "Ba na ganin cikinsa."

"Cikin me?"

"Miyar. Da tuwon. Ban san abin da ke ciki ba. Waccan ranar ma ban gani ba." Ta jawo na'urar ta nuna mini da yatsa. "Wannan fari ne duka. Ana ganin kowace ɗaya. Babu abin da zai ɓuya."

Na zauna a ƙasa, a kan kafet. Makonni ina ta ƙara wa abinci daɗi, ina ƙara miya, ina ƙara nama, ina tuƙawa ina rufewa, ashe duk abin da na ƙara wani sabon maɓoyar ƙaya ne a idonta. Gayan da nake gudu shi take nema. Na jawo ta na rungume, muka yi kukanmu tare, sannan na ce gobe in Allah Ya kai mu ita za ta raka ni kasuwa.

A babban titin Deptford, tsakanin masu kifi da shagunan 'yan Afirka inda nake sayen manja da doya, akwai wani shagon wata mata 'yar Vietnam da na yi shekaru ina wucewa ban taɓa leƙawa ba. Muka shiga. Ban san abin da zan ce ba, sai Mamana ta ɗaga na'urar ta nuna mata allon. Matar ta yi murmushi, ta zaga ta ɗauko ƙaramin buhun wata shinkafa gajera, ƙulu-ƙulu, kusan irin tamu ta tuwo. Ta haɗa mana da fakitin baƙin abin nan da na ɗauka ƙyalle ne, ashe busasshen ganyen teku ne, siriri kamar takarda. Ta ce a wanke, a jiƙa kaɗan, a sa ruwa daidai, a rufe, kada a tsane, kada a buɗe sai ta huce.

Kada a tsane. Na ce to, amma a raina na san inda za a ƙare.

Haka kuwa aka yi. Da na ɗaga murfin, ga shinkafa ta manne da juna, tana ƙyalli, ba ta zama tuwo ba, ba ta yi wara-wara ba. Caɓaɓɓiya ce sak, irin wadda da a gidanmu ne sai an kira maƙwabta su zo kallo. Hannuna har ƙaiƙayi yake in ɗauko muciya in rufa wa kaina asiri. Mamana ta leƙo ta gefen kafaɗata ta ce, "Yauwa, haka take."

Abbanta yana gida ranar. Ya karanta bayan fakitin ganyen ya tabbatar babu abin da ya haramta, sannan ya duba waya ya ce ai Japanawa kifi suke cusawa a tsakiya. Ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Ki ɗan tura mata ko kaza ce a ciki, ba za ta sani ba. Shinkafa zalla me za ta yi mata?"

"Wallahi ka taɓa tukunyar nan sai mun ɓata," na ce.

Ya ɗaga hannu biyu ya fita.

Na juye shinkafar a faranti mai faɗi ta sha iska. Na ce wa Mamana ta wanke hannu, ita za ta dunƙula da kanta. Ni da na hana ta wasa da abinci tun tana rarrafe, yau ni ce na ajiye mata kwanon ruwa da gishiri na ce bismillah. Ta jiƙa tafinta, ta shafa gishiri, ta ɗebo. Kafin ta dunƙula sai da ta baje shinkafar a hannunta ta bi ta da ido, tana turawa da yatsa. Na ƙyale ta. Na farko ya fito kamar ƙwallo, na biyu ya karkace, na uku ya ɗan yi kama da na cikin gem. Ta yago ganyen tekun ta shinshina, ta ji ƙarnin kifi, ta ajiye shi nesa. 

Ta jera su a faranti ta zauna a teburin kicin. Ni kuma na tsaya a kanta, hannu a ƙirji, ina kallon bakinta kamar mai jiran ganin wata.

"Mami, ki juya."

"In juya ina?"

"Ki daina kallona. Shi ɗan mutumin babu mai kallonsa in zai ci."

Ban san uwar da ke ba ɗanta abinci ta juya baya ba. Mu tsayawa muke a kai, mu ce ƙara, mu ce saura kaɗan, mu ce don Allah loma ɗaya. Amma na juya. Na fuskanci wurin wanke-wanke, na ɗauki tukunyar da na riga na wanke na sake sa mata soso. Na kashe famfo don in ji. Shiru. Motoci na wucewa a ƙasa, wani yana jan akwati a kan titi. Ina ta salati a zuci, wuyana ya ƙage don son waiwaye. Can sai na ji ɗan motsin baki, a hankali, ana taunawa ana tsayawa. Aka daɗe ana taunawa. Sannan na ji ta haɗiye, na ji ta ja numfashi, ta yi shiru tana jiran abin da zai faru. Babu abin da ya faru. Sai na sake jin motsin bakin.

Hawaye na zuba a cikin tukunya, ni kuwa ina ta dirza. Da ta ce in juyo, ɗaya babu, na biyu an gutsiri gefensa.

"Yaya ɗanɗanon?" na ce, ina ƙoƙarin daidaita murya.

Ta ɗaga kafaɗa. "Shinkafa ce kawai."

Daga ranar gidanmu ya koma gidan gaya. Kullum da safe in dafa caɓaɓɓiyata, ita ta dunƙula, ta naɗe kowanne a leda ta zuba a jakar makaranta. Ba ta ci a tebur, ba ta ci lokacin da muke ci. Sai in ta ji ƙarfinta ya ragu ta zaro ɗaya, a ɗakinta ko a bayan kujera. Sharaɗin shi ne ba na tambaya. Wuyar da na sha wajen riƙe bakina Allah kaɗai Ya sani. Sai dai in ta shiga wanka in lallaɓa in taɓa jakar in ji ko ta yi sauƙi. Wata rana ta yi, wata rana ba ta yi ba, ranar da ba ta yi ba kuwa haka zan yini ina faɗa da duk wanda ya kira ni a waya.

Sannu a hankali ta fara ƙari da kanta. Ta ga Abbanta yana barbaɗa yaji a nama, ta ce a zuba mata kaɗan a gefen faranti, ta dangwala kusurwa ɗaya. Bayan nan ta shafa man shanu a tafinta maimakon ruwa. Wata rana ta ce in dafa ƙwai, ta ɓare da kanta, ta marmasa gwaiduwar ta duba ta sosai, ta cusa a tsakiya da yatsanta ta rufe. Abin da ubanta ya so a yi mata a ɓoye, ga shi ta yi da hannunta. Madarar kwalbar ma ta fara shanyewa, wai tana wucewa da sauƙi in an bi ta da shinkafa. Yaya ta hau sama ta ga abin da ake ci, ta riƙe baki ta ce, "Amariya, ba miya, ba nama? Wannan abinci na prison ne." Na ce mata ni dai a bar mini kayana, ko na gidan yari ne ya fi mini kaza.

Duk da haka ban saki jiki ba. A idona ba ta ƙara ko kaɗan ba, siket ɗin har lokacin da fil yake. Ranar komawa asibiti ta zo. Har na haɗa mata 'yar jaka da kayan barci da buroshi na ɓoye a cikin tawa, saboda in an ce kwanciya kada in rasa abin yi. Abbanta ya nemi a sauya masa aiki bai samu ba, ya ce in kira shi da zarar an auna.

Likitar ta sa ta cire takalmi da rigar sanyi ta hau sikeli. Ni ban kalli lambar ba, fuskar likitar na kalla. Ta duba, ta koma ta duba na wancan zuwan, ta ɗago.

"Bai sauka ba," ta ce. "Ya ma ɗan hau. Kaɗan ne, amma ya hau. Me take ci?"

Mamana ta ba ta labari tiryan-tiryan, har da mai rumfa da ke sayar da 'yan'uwansa. Likitar ta saurara tana gyaɗa kai, ta ce a ci gaba da haka, a bar ta ta riƙa ƙara abin da ta ga dama da hannunta, za ta haɗa mu da wata mai taimaka wa yara a kan irin wannan tsoro. Na kasa haƙuri na tambaye ta maganar roba.

"A ajiye wannan maganar," ta ce. "Ku tafi gida."

Na yi ta maza har muka fito daga ginin. A tashar bas na kira Abbanta, ina jin muryarsa na kasa magana, sai "Alhamdu lillahi" nake ta maimaitawa, shi ma yana maimaitawa daga can. Na zauna a kan ɗan bencin nan ja mai santsi na rufe fuska da mayafi na yi kuka mai isata, mutane na wucewa suna satar kallona. Wani nauyi da na manta ina ɗauke da shi ya sauka daga kafaɗuna, har wani barci-barci na ji.

Mamana ta ja gefen mayafina.

"Mami, mutane na kallonki."

"Su kalla."

Ta buɗe jakarta ta lalube, ta fito da ledoji babu komai a ciki, ta mayar. Ta leƙa hanyar da bas zai ɓullo. Sannan ta ce, "Akwai sauran shinkafa a gida? Ina jin yunwa."

Babu ko ƙwara, da safen nan na kakkaɓe buhun. Na share fuskata na ce akwai, na kama hannunta, muka hau bas ɗin da zai sauke mu a ƙofar shagon 'yar Vietnam ɗin.